Kyanwar Inna da Ƙwayar Magani

Bayan rasuwar Inna na koma gidanmu na cikin garin Daura don in ɗan zauna da Baba. Mu biyu ne a gidan, sai kyanwar Inna, wata fara mai baƙin kunne ɗaya. Baba bai taɓa shiri da ita ba. Tsohon dillalin tumaki ne, kuma a ganinsa dabbar da ba a kai ta kasuwa, ba a layya da ita, zaman banza take yi.

Da damina ta kankama sai kyanwar ta soma ramewa. Ta daina hawa katanga, duk abin da ta ci sai ta amayar. Na sa ta a kwali, na hau babur zuwa wurin likitan dabbobi da ke kusa da kara, wato kasuwar dabbobi. Ya duba ta, ya ce tsutsar ciki ce, ya ba ni 'yan ƙwayoyi farare.

"Maganin mai kyau ne, malama," in ji shi. "Shayar da ita ne aikin."

Da gaskiyarsa. Na cusa ƙwayar cikin busasshen kifi, ta cinye kifin tas ta bar mini ƙwayata a kwano. Na daka na zuba a nono, ta sunsuna ta juya mini baya.

Baba yana kan tabarma yana kallona. Can ya ce, "Ke, kawo ta nan. Ragunan da suka fi ki ƙarfi na ɗura wa magani."

Ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya kama haɓarta kamar ta rago. Nan take ta yakushe masa bayan hannu, ta fizge, ta shige ƙarƙashin gadon Inna. Na zaci zai ce a fitar masa da ita daga gida. Sai ga shi, jini na tsattsafowa, yana duban ƙofar ɗakin da bai sake shiga ba tun ranar jana'iza.

"Mahaifiyarki yaya take yi da ita?"

"Hira take mata, Baba."

 Sai ya tashi, ya cire takalmi, ya shiga ya zauna a ƙasa gefen gadon. Daga tsakar gida nake jin muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ba ta labarin ruwan da aka yi jiya da tsadar raguna a kasuwar Mai'aduwa. Ni dai na zauna bakin murhu ina share hawaye da gefen mayafi.

Da kyanwar ta fito, ya kira ni in miƙo zani. Ya naɗe ta a hankali, kai kawai a waje. Ya ɗan danna gefen muƙamuƙinta, ni kuma na sa ƙwayar can bayan harshe. Ya rufe mata baki yana shafa maƙogwaronta, har ta lashi hanci.

"Ta haɗiye," ya ce. "Sannu, baiwar Allah."

Haka muka riƙa yi har maganin ya ƙare. Ta warware, ta yi ƙiba, amma ta daɗe tana gudunsa. In ya shigo daga masallaci sai ta haye katanga, shi kuwa ya ce wannan butulci ko a cikin mutane sai an tona.

Da lokacin komawata ɗakina a Katsina ya yi, na ce zan tafi da ita in rage masa wahala.

"Mota za ta galabaitar da ita," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Bar ta nan."