Jan zaren hular Bama

Shekara arba'in ina rina zaren ɗinkin hula a unguwar Bulabulin, babu wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafin zarena ya zuba. Baƙi na bagaruwa ne, rawaya na gangamau, ja kuwa karan dafi, wato jan ɓawon karan dawa da ake kawo mini daga gonakin Dusuman. Da rikici ya yi tsanani aka daina noman dawa a kewayen gari, karan dafi ya yanke. Ɗauri ɗaya ya rage mini a rataye a ɗaki.

A lokacin ne wata mata da ta gudo daga Bama ta sauka a gidana. Cikin ƙullinta akwai hula da ta ɗinka rabi, ta mijinta ce, wanda suka rabu a hanya ba ta sake jin labarinsa ba. Jan zarenta ya ƙare, na kasuwa kuma bai dace ba.

Ta ce, "Hajja, za ki iya fitar da irin wannan jan?"

Na ce, "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Na raba ɗaurin biyu, na tafasa rabi da kanwa yadda na saba. Zare ya fito kamar hanta. Ta kara shi jikin hular, ta ga bai dace ba. Ni ma na gani.

Kwana biyu ina tunani kafin na gano. A da da ruwan rijiyarmu nake rini. Mutane sun cika unguwa, rijiya ta ƙafe, mun koma ruwan burtsatse, shi kuwa da kanwarsa yake zuwa. Na ƙara kanwa a kan kanwa ke nan.

Sauran rabin na hana kowa taɓawa. Muka jira damina, wata uku cur. Ruwan farko na bar shi ya wanke kwanon rufi, na biyu na tara a tukunya. Kanwa kuwa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka na sa.

Da zaren ya bushe a inuwa ta kara shi, ta ce, "Hajja, shi ne."

Na ce, "To da wane ne?"

Ta gama hular cikin sati shida. Ni kaɗai nake iya nuna inda tsohon zare ya tsaya, nawa ya ɗora. Wani ɗan kasuwa ya taya, ta ce hular tana da mai ita. Ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta mayar cikin ƙullinta.