Idon Malam Waya

Malam Waya muke ce masa, don kafin ya shigo koyarwa ya daɗe yana hawa turaku yana gyaran layukan tarho. Ajinsa na kwamfuta yana jikin nawa na lissafi, kuma wallahi na sha haushin hayaniyarsa. Ina tsaka da darasi sai dariya ta ɓarke a can, nawa ɗaliban su hau miƙa wuya.

Shi ba ya fara koyar da rubuta manhaja a kan allo. Tsayawa yake a tsakiyar aji ya ce shi ne kwamfuta, a ba shi umarni ya je ya buɗe taga. In wani ya ce "tafi", sai ya yi ta tafiya har ya yi karo da bango, tunda ba wanda ya ce ya tsaya. Da haka yara suke gane na'ura ba ta da hankalin kanta, abin da ka faɗa mata shi take bi daki-daki. In an zo darasin haɗa kwamfutoci kuwa, kowa ya ɗauki lamba ta zama adireshinsa, a yayyaga saƙo, a yi ta miƙawa hannu-hannu har ya isa wurin mai shi, ya sake jera shi. Igiyoyin da suka haɗa kwamfutocin ɗakin ma shi ya ɗaure kawunansu, siraran wayoyi takwas, kowane launi da gurbinsa.

Ni na fara lura idonsa na tafiya. Ya yi tuntuɓe da kujera ba cikin wasa ba, yara suka yi dariya, shi ma ya taya su yana murza gwiwa. Ya koma sa su karanta masa abin da suka rubuta da ƙarfi, wai don su ji kuskurensu da kunnensu. Ciwon sukari ne ya ci masa ido, kuma ya san ranar da shugabar makaranta ta ji, za a karɓe ajin. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Ajin nan kaɗai ya rage masa, shi ya sa na ja bakina na yi shiru.

Da aka dawo hutu aka tarar ɓera ya yi wa igiyoyin kaca-kaca. Malam ya zauna ya ɗaure sababbi, amma kwamfutoci suka ƙi magana da juna. Yara suka duba adireshi, suka goge, suka sake, ga jarrabawa ta matso. Wata mai ƙoƙari da suke kira Sarkin Tambaya har kuka ta yi, ta ce ita kam ƙwaƙwalwarta ta toshe.

Ranar da ta yi kukan ya kira ni lokacin hutun tara, ya saka mini kan igiya a hannu.

"Malama, wane launi ne na uku?"

Na ce shuɗi. Ya ce fari mai ratsin kore ya kamata. Tausayi ya kama ni. Na ce zan riƙa shigowa ina faɗa masa launuka, ba mai ji ba mai gani. Ya girgiza kai.

"Kwana da kwanaki na bar yaran nan suna zargin kawunansu, alhali laifin idona ne. Ba zan ƙara ba."

Da ƙafarsa ya je ofishin shugaba. Ta yi masa mutunci, amma ajin dai an ba wani. Na ji haushi ƙwarai, ban ma san wa zan ji haushinsa ba.

Ranar da zai tafi ya roƙe ni in raka shi bakin ƙofa, don hasken rana na kashe masa ɗan ganin da ya rage. Na miƙa hannu zan riƙe shi, sai ya janye nasa.

"Bari mu wuce tagar ajin tukuna," in ji shi. "Suna kallo."