Na Kayar da Tsoho Daga Keke a Hanyar Isa

Innalillahi! Ku ji abin da na aikata yau!

Muna cikin mota daga Isa za mu Sabon Birni, ina kujerar baya. Sai ga hannu ya cafko ƙarfen tagata! Na zaci ɓarawon waya ne, na kwaɗa mishi takalmi. Ji kake rim! Mutum da kekenshi cikin gonar gero.

Direba ya taka birki yana ihu: "Ke! Ni na sassauta na ce ya riƙe mu ja shi, ya gaji!"

Muka sauka da gudu. Tsohon ya miƙe, gwiwa duk jini, ya dube ni: "A'a, ɗiyata Nafisa, ke ce?"

Jama'a, baban Sani ne. Sanin da za ni aura!