Zaɓe a Shagon Kawu

Lokacin da ƙaramar hukuma ta fara rage wa laburaren unguwarmu a Salford ta Ingila kwanakin buɗewa, ni kuma lokacin na kamu da karatu. Ban je jami'a ba, amma duk littafin da ya yi maganar ƙasashen da suka fito daga mulkin jam'iyya ɗaya sai da na cinye shi. Abin da na fahimta, ka ba mutane ƙuri'a kawai, arziki zai biyo baya. Wasu marubutan sun ce ba lallai ba ne, amma shafukansu tsallakewa nake yi.

Duk Asabar nakan hau bas zuwa Birmingham in yi aiki a shagon kayan abincin Kawu a Sparkbrook. Mu huɗu ne a ƙarƙashinsa: ni, ƙaninsa, surukinsa da ke kan kanta, sai wani dattijo ɗan Gana mai yanka nama. Kawu mulkin soja yake yi. Ko inda za a ajiye manja shi yake faɗa.

Na dame shi. "Kawu, wallahi kama-karya ce ta hana shagon nan girma. A bar ma'aikata su riƙa zaɓe."

"Kai da ko doya ba ka iya jerawa ba?"

Sai ciniki ya ja baya, don gwamnati ta yanke wa mutane tallafi, mai sayen buhun shinkafa ya koma rabi. Ran nan bayan la'asar Kawu ya tara mu, ya ce dole mutum ɗaya ya tafi, kuma tunda ga malamin dimokuraɗiyya, a yi zaɓe. Daɗi ya kama ni. Ni na tsara komai, har da jawabi na yi.

Abin da littattafan ba su gaya min ba, a wajenmu ba ka ɗaga hannu a kori babba yana kallonka. Aka kira dattijon, kowa ya sunkuyar da kai, har ni. Aka kira ƙanin Kawu, ba hannu ko ɗaya. Suruki kuwa, wa zai fara? Da aka zo kaina hannaye uku suka tashi tare.

"Ka yi haƙuri ɗana," in ji dattijon, "kai ne ƙarami."

Bayan babbar sallah Kawu ya kira ni a waya. "Malam, ashe da gaskiyarka. Tun da muka yi zaɓen nan riba ta dawo."

Na ce ai dama na faɗa. Na tambaye shi yaushe za a sake zaɓe, ko na dawo aiki.

Ya ce sai al'amura sun daidaita.