Akwatunan Malam Isiyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ƙanin matar Malam Isiyaku ya kira ni daga Dilimi, ya ce, "Bala, Malam ya cika." Ina ofishinmu na Tudun Wada a lokacin, ina zana bututun wayar lantarki na wani benen kwanan ɗalibai.

Malam Isiyaku ne ya koya mini zanen lantarki. Kafin ya taɓa kwamfuta, shekara da shekaru ya yi yana jan waya a cikin bango, tafin hannunsa duk kanta. Da aka kawo manhajar zanen gini, mu matasa muka yi ta rawar kai, domin da ka karya layin bututu, ita da kanta take sa masa gwiwa, wato mahaɗin lanƙwasa. Malam ya leƙa ya ce, "Wannan gwiwar, a wane shago ake sayar da ita a Jos?" Babu. Awon ƙasar waje ne. Sai ya ɗauki ma'auni ya bi shagunan kayan wuta yana gwada kowace gwiwa da kowane akwati, masu shago suna masa dariya. Ya dawo ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, da yatsa biyu, don bai taɓa iya buga rubutu da sauri ba.

Sannan ya saita ta yadda bayan kowace lanƙwasa biyu sai akwati ya fito, inda mai jan waya zai buɗe ya ja a hankali. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Waya in ta sha lanƙwasa da yawa, fatarta saɓulewa take a cikin bango. Kai ba za ka gani ba. Mai gida zai gani, ran da wuta ta tashi." Yakan kuma ce, "Ka zana kamar gyatumarka ce za ta kwana a ɗakin."

Oga, mai kamfaninmu, bai taɓa son saitin nan ba. Kullum ƙorafinsa, akwatuna sun yi yawa, masu gini ba sa so. Malam sai ya ce, "Oga, in dai ina nan, haka zai zauna." Wata huɗu Malam ya yi a kwance, Oga bai taka gidansa ba. Jana'iza ma direba ya tura.

Ran da na dawo daga addu'ar uku, Oga ya tsaya a bayana. "Bala, sai haƙuri fa. Wannan saitin na Malam, ka mai da shi lanƙwasa huɗu."

Na ce, "Oga, Malam ya ce wayar za ta..."

"Malam ya tafi. Kai kana son aikin?"

Ina da 'ya'ya uku. Na goge biyu, na rubuta huɗu. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba, rabin akwatunan suka ɓace daga zanen benen. Ina jin haushin Oga, amma haushin kaina ya fi, domin hannun da Malam ya koya wa aiki shi ya danna.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa aikin hannunsa ya zama hujja gare shi. Allah Ya ba matarsa Hajiya Ladi da yara haƙuri, Ya tsaya musu. Ɗaliban da za su kwana a benen nan kuwa, ya Allah, Ka tsare su, kada Ka kama su da tsorona. Amin.