Rabo Mai Rijiya da Masu Wanke Ruwan Ƙasa

Malam Rabo bai taɓa shiga aji ba, amma daga Yankara har ƙauyukan bakin dajin Sabuwa da wuya ka sami unguwar da ba ta shan ruwan rijiyar da ya haƙa. Wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu. In ya ɗebo ƙasa daga gaba uku ya murza a tafin hannu, zai gaya maka saura gaba nawa a tarar da ruwa.

Masifar ta fara ne a unguwarsu ta gefen titi. Wata safiya matarsa Barakatu ta jawo guga ta ga maiƙo yana yawo a kan ruwan. Tuwon ranar da warin fetur aka ci shi. Kafin damina ta wuce rijiya tara sun lalace, yara na fama da ciwon ciki, awaki su sunsuna ruwa su juya. Rabo ya san tankin da gidan man bakin titi ya binne ne ya ruɓe yana tsiyaya. Ya je ya faɗa, aka bar shi tsaye a rana, daga baya aka ce Alhaji mai gidan man ya ce ya kawo shaida. Ba a jima ba aka rufe gidan man, mai shi ya koma birni.

Rijiya ɗaya ta tsira, ta wata tsohuwa manomiya mai suna Kyauta, can gabas da unguwar. Masu zuwa masallaci da masu zuwa coci da masu bin addinin kakanni duk a nan suke layi, ba ta taɓa hana kowa ba.

Bayan shekara biyu sai ga masu bincike, malaman jami'o'i biyu da wata ƙungiya daga waje, sun haɗa hannu. Mai jagorantarsu, Dakta Suwaibatu, ta tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa. Ta ce man ya manne wa yashin ƙasa ne kamar yadda maiƙo ke manne wa kwano. Za su ɗura wani ruwan magani mai kama da sabulu ta ramuka uku domin ya saki man, sannan inji ya zuƙo ƙazantar ta rami na huɗu. In dabarar ta yi aiki a nan, za a kai ta wasu garuruwa.

Maganar ta shiga Rabo. Shi ya zagaya da su rijiya-rijiya, yana faɗa musu zurfin kowacce da shekarar da ya haƙa ta. Amma da ya ga sun kafa ramin zuƙa a yamma, don can ƙasa ta gangara, sai ya tsaya. Ya ce abin da ido ke gani a sama daban, na ƙasa daban. Akwai marmara a ƙarƙashi da ta karkata gabas, kuma duk rijiyar da ya shiga a unguwar, ta bangon yamma ruwa ke tsattsafowa. Ke nan gabas ruwan ya nufa, wajen Kyauta.

Injiniyansu, wani Yahya, ya yi murmushi ya ce, "Baba, na'ura ta riga ta auna." Dakta Suwaibatu ta rubuta maganar a littafinta, ta ce za a duba. Ba a duba ba.

Kwana shida suna ɗurawa suna zuƙa. Baƙin ruwa mai wari ya yi ta fitowa ana tarawa a durom, mata har da guɗa. A rana ta bakwai 'yan bindiga suka tare hanya suka kwashi matafiya, sai aka bugo wa masu binciken daga sama cewa su bar garin nan take. Suka kashe inji suka ɗora shi a mota. Rabo ya riƙe murfin motar.

"Kun ɗura ba ku gama zuƙewa ba. Wanda ya saura a ƙasa, ina za shi?"

Yahya ya ce sati biyu za su dawo. Rabo ya roƙe su su bar masa injin, shi zai riƙa tayar da shi. Aka ce kayan aiki ne, an sa hannu a kansu, ba a barin su.

Sati bakwai bayan haka Kyauta ta aika a kira shi. Guganta cike da kumfa, warin fetur har bakin ƙofa. Ya ɗaura igiya ya sauka, ya ga kumfar tana fitowa daidai ta bangon da ya faɗa. Ya hawo ya fito. Tsohuwar ta dube shi ta ce ai shi ma yana cikinsu, shi ya riƙa yi musu jagora. Wannan magana ta fi komai ƙona masa rai. Da hannunsa ya jera itace a bakin rijiyar ya rufe da ƙasa kada yara su sha. Daga ranar mata suka koma ɗebo ruwa a rafin bakin daji, inda ko namiji ba ya son zuwa shi kaɗai.

Sai da aka yi wata goma sha ɗaya Dakta Suwaibatu ta dawo, da rakiyar 'yan sanda da akwatin kwalabe. Ruwan rijiyar Kyauta take so ta ɗiba a auna. Ta ce an gabatar da sakamakon aikin a wani babban taro, dabarar ta cire mai da yawa, kuma ta rubuta a rahoto cewa gabas ruwan ya bi, kamar yadda ya faɗa.

"Takarda ake sha?" in ji Rabo. "Da kunka zo muna da rijiya ɗaya. Yanzu ba mu da ko ɗaya. Wagga rijiya ba ta buɗuwa don kwalba. In inji kika kawo, yanzu in buɗe."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta nemi a dawo da injin har sau uku, an ce wa'adin aikin ya ƙare. Ta tambaye shi inda ya kamata a kafa ramin zuƙa in Allah ya sa an dawo. Ya taka ya nuna mata wurin da ƙafa, ya juya ya tafi. Ta koma da kwalabenta babu komai a ciki.

Ranin da ya biyo baya Rabo ya haƙa sabuwar rijiya a kan tudun arewa, gaba goma sha bakwai, rabinta cikin dutse. Wata huɗu ya yi a kanta. Ruwan mai daɗi ne amma kaɗan, kafin hantsi ya ƙafe sai an jira. Kyauta ba ta sha shi ba, ta riga ta tattara ta koma wajen ɗanta a Ketare, ba su yi sallama ba.

Kwanakin baya aka aiko wa mai unguwa takardar godiya ga masu binciken, ana so dattawa su dangwala yatsa. Da aka kawo wa Rabo ya sa aka karanta masa har ƙarshe, ya miƙa wa mai unguwa abarsa, ya ce a nemi wani.