Mutum Arba'in da Ɗaya a Waya Ɗaya

Ban taɓa mantawa da Larabar da na ƙi sa hannu a takardar rabon irin masara ba, kuma ko gobe aka maimaita, wallahi ba zan sa ba. Ku da kuka kama aiki bana, ku buɗe kunne.

Lokacin ina ƙaramar jami'ar bayanai a ofishinmu na Funtua, a shirin da ke ba ƙananan manoma iri da taki kafin damina. Malaman gona kan shiga ƙauyuka su ɗauko sunan manomi, lambar wayarsa da girman gonarsa. Daga nan bayanan su bi matakai huɗu a kwamfuta. Na farko ya haɗa na Funtua da na Malumfashi, na biyu ya gyara rubutu, na uku ya cire wanda aka rubuta sau biyu, na huɗu ya lissafa buhun da kowa zai samu. Kamar ban-ruwan lambu ne, abin da kwamin sama ya saki shi na ƙasa zai sha. Na huɗu ba ya tambayar wanda ya ɓace a na uku.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da ake min dariya a kanta. A bakin kowane mataki sai na ƙirga nawa suka shiga, nawa suka fita. Ranar na ga wata unguwa can bayan Tsiga ta shiga mataki na uku da mutum arba'in da ɗaya, ta fito da mutum ɗaya tal. Na ce kai, annoba ce ta faɗa musu? Ina dubawa na ga dukkansu lambar waya ɗaya suka bayar, shi kuma matakin da lambar waya yake gane maimaici. Ni 'yar ƙauye ce, ba sai an faɗa min ba. Inda waya ta yi ƙaranci, lambar mai unguwa kowa ke bayarwa, shi ake kira ya isar da saƙo.

Na tafi wurin shugaban sashenmu, Malam Kabiru, na nuna masa. Ko kallon kirki bai yi ba.

Ya ce, "Malama Saratu, ƙwararru suka tsara matakin nan daga hedikwata don maganin manoman bogi. Gobe da safe motoci za su yi lodi. Sa hannu."

Na ce, "Yallaɓai, in na sa, mutum arba'in ba su da iri bana. Ruwa na sauka, an gama."

"To ke kin fi na'ura sani ne?"

Raina ya ɓaci, gaskiya. Na ce, "Na'ura ba ta taɓa kwana a ƙauye ba, ni a can aka yanke min cibiya. Ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan sa ba."

Nan take ya sa aka buga min takardar tuhuma, wai na ƙi bin umarni. Na karɓa na ninke. A gabansa na kira lambar, na ƙara muryar wayar yadda kowa a ofis zai ji. Mai unguwa Malam Dauda ya ɗauka. Da na yi masa bayani sai ya yi salati, ya ce kar in kashe. Dattijon nan da ƙafarsa ya riƙa bi gida-gida yana miƙa wayar. Ina karanta suna, mai sunan na amsawa, yana faɗin inda gonarsa take. Malam Kabiru ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Ta tara a jerin sunayen wata tsohuwa ce, Gwaggo Larai, mijinta ya rasu, ita ke noma wa jikoki. Ta ce, "'Yar nan, wai an ce an goge mu? Ashe a wurinku ba a zama mutum sai an sayi waya?"

Malam Kabiru ya ce, "Ya isa haka."

Aka ɗage lodi zuwa Asabar. Muka gyara matakin ya riƙa haɗa suna da gona da lamba kafin ya cire kowa, muka sake tura bayanan tun daga farko. Ashe ba su kaɗai ba ne, akwai irinsu wajen Malumfashi. Duk aka mayar da su, suka yi shuka da ruwan farko.

Takardar tuhumar nan tana fayil ɗina har yau, ita ta ja min jinkirin ƙarin girma shekara biyu. An ce in rubuta ban-haƙuri a cire ta, na ce a bar min abata.

Abin da na koya ke nan a aikin nan: lissafi kan fito daidai cif alhali an riga an zubar da mutane a hanya, kuma wanda aka zubar ba shi da wayar da zai kira ya yi ƙorafi. Saboda haka ku ƙirga a bakin kowane mataki. In arba'in suka ɓace, kar hannunku ya taɓa biro sai kun san su wane ne.